Yadda Za Ka Bambance Sunan Yanka da Suna Gama-gari a Turanci, Mataki-mataki

Tambaya ce da ba ta ƙarewa. Ɗalibin da jarrabawar WAEC ko NECO ta matso masa yana yin ta, uwar da ke taya ɗanta aikin gida na firamare tana yin ta, ma'aikacin da zai rubuta takardar neman ƙarin girma ma yakan tsaya da biro a hannu yana wasi-wasi: wannan kalmar da babban baƙi za ta fara ko da ƙarami? Abu ɗaya duk suke nema, wato yadda ake gane *proper noun* a raba shi da *common noun*. A nahawun Hausa na farkon shi ne sunan yanka, na biyun kuma suna gama-gari, kuma da waɗannan sunaye zan riƙa kiransu.

Amsar da aka saba ba yara a aji ita ce: duba babban baƙi. Ba ƙarya ba ce, amma rabin amsa ce, kuma ita ke kayar da su. Babban baƙi alama ce da marubuci ke sawa bayan ya riga ya gane irin sunan. Ranar da kai ne mai rubutun, babu wanda zai sa maka ita. Shi ya sa a matakan nan babban baƙi bai zo da wuri ba.

Ga mai jarrabawa kuma maganar ta maki ce. Insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, kuma rabin maki ake zarewa kan kowane kuskure. Fara sunan yanka da ƙaramin baƙi yana cikin kurakuran da ake ƙirgawa. Kuskure 20 sun cinye goman nan tas, ko da labarin da ka bayar ya yi daɗi.

1. Tanadi kayan aiki

Biro biyu masu launi daban, ja da shuɗi sun isa. Littafin rubutu. Tsohuwar jaridar Turanci, ko *Daily Trust* ko wata, ko ta bara ce ba komai. Sai ƙamus. Idan babu na takarda a gida, ƙamusun Oxford da Cambridge suna da shafuka a intanet da ake dubawa kyauta, data kaɗan suke ci. Amfanin ƙamus a nan biyu ne: yana gaya maka ko kalma suna ce, kuma idan da babban baƙi take farawa, haka zai rubuta ta tun a kan layi. Ban da kuɗin biro da na data, aikin nan ba ya cin ko kwabo.

Hattara: kada ka yi atisaye da saƙonnin WhatsApp, ko rubutun Facebook, ko allunan shaguna. A can kowa yadda ya ga dama yake rubutu. A jaridar ma, bar kanun labarai, ka shiga cikin labarin, domin wasu jaridu kowace kalma ta kanu da babban baƙi suke fara ta.

2. Fara tabbatar da cewa kalmar suna ce

Ba a tambayar irin suna sai an san suna ne. Ɗauki jimla ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ke nuna mutum, dabba, wuri, abu, ko wani hali da tunani da ba a taɓawa da hannu. Idan ka yi kokwanto, gwada sa *the* ko *my* a gabanta. *The market*, *my goat*, *the truth* duk sun zauna daram. *The quickly* ko *my went* kuwa kunne ma ba ya karɓa.

Hattara: Turanci cike yake da kalmomin da ke zama suna a nan, aikatau a can. A *I bought a book*, kalmar *book* suna ce. A *Book a seat for me*, umarni ne, aikatau ce. Haka *water*, *plant*, *work*, *phone*. Aikin da kalma ke yi a cikin jimlar da ke gabanka shi za ka duba, ba yadda ka haddace ta ba.

Sannan *he*, *she*, *they*, *it* da *I* wakilan suna ne. Cire su daga lissafi tun yanzu, musamman *I*, wadda babban baƙinta ke ruɗin yara su sa ta cikin sunayen yanka.

3. Tambayi kalmar: iri ce ko suna aka raɗa?

Nan ne zuciyar aikin. Kafin ranar suna, abin da aka haifa jariri ne kamar kowane jariri a unguwa. Ranar bakwai aka yanka rago aka ce Hauwa'u, daga nan ta samu abin kira nata ita kaɗai. *Baby* gama-gari ne, *Hauwa* sunan yanka. Duk sauran bayanin daga nan ya tsiro.

Saboda haka kowane sunan da ka ja wa layi, yi masa tambayoyi biyu. Ta farko: wannan kalmar tana gaya mini wane irin abu ne? Idan e, gama-gari ce. Ta biyu: tana gaya mini abin da ake kiran wani guda takamaimai? Idan e, ta yanka ce.

Hanya mafi sauƙi ta sabawa ita ce ka raba shafi biyu, ka riƙa haɗa su bibbiyu:

*city* da *Kano*
*river* da *Benue*
*country* da *Ghana*
*month* da *October*
*language* da *Hausa*
*company* da *MTN*
*planet* da *Mars*

Kowane sunan yanka yana da gama-garin da yake zaune a ƙarƙashinsa. Idan ka iya cewa *Katsina is a city*, ko *Tuesday is a day*, kuma kalmar farko ba iri take nunawa ba, lakabin guda ɗaya ce, ka kama sunan yanka. Yi hankali da *A mango is a fruit*, domin ya yi kama da wancan. *Mango* ba sunan mangwaro ɗaya tilo ba ne a duniya, iri ne a cikin iri. Haka *lion*, *malaria*, *rice*, *motorcycle*. Ƙanƙantar iri ba ta mai da shi sunan yanka.

Hattara: muhimmancin abu ba ya mai da shi sunan yanka. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa a insha'in ɗalibanmu. Yaro zai rubuta *Education is the key to Success*, ko *Our Parents and Teachers must fight Corruption*, saboda a ransa waɗannan manyan abubuwa ne da suka cancanci girmamawa. Nahawu bai san wannan ba. *Education*, *success*, *parents*, *teachers*, *corruption*, *poverty*, *peace*, *honesty* duk gama-gari ne. Haka sunayen tattarau irin su *team*, *crowd*, *family*, *herd*.

4. Yanzu duba babban baƙi, amma da ido biyu

Idan rubutun na wani ne, kuma mai kiyaye ƙa'ida ne, babban baƙi a tsakiyar jimla shaida ce mai ƙarfi. Zagaye irin waɗannan da jan biro. Amma akwai wuraren da shaidar ke yin ƙarya.

Babbansu farkon jimla. Kowace kalma ta zo nan sai ta sa babban baƙi, ko mece ce ita. A *Farmers need rain*, kalmar *farmers* gama-gari ce, wurin zama ne kawai ya ɗaga ta. Maganin wannan shi ne ka ɗauke kalmar ka kai ta tsakiya a zuciyarka: *The farmers need rain*. Ta koma ƙarama, ashe gama-gari ce. Gwada da *Zinder is hot in April*: *We went to Zinder*. Ta riƙe babban baƙinta duk inda ta je, ta yanka ce.

Sai kalmar farko a cikin zancen da aka ɗauko daga bakin wani, kamar *He said, “Children must eat.”* Sai kanun rubutu da taken littafi. Sai kuma siffofin da aka ciro daga sunan yanka. A *Nigerian rice* ko *Islamic school*, kalmomin *Nigerian* da *Islamic* suna da babban baƙi, amma siffa ce aikinsu, bayanin *rice* da *school* suke yi. Idan tambayar jarrabawa ta ce ka fitar da sunan yanka, waɗannan tarko ne. Amma a *She married a Nigerian*, kalmar ta tsaya da ƙafarta a matsayin suna.

5. Gwada *a*, *an*, jam'i da *the*

Gama-garin da ake iya ƙirgawa yana karɓar *a* ko *an*, yana kuma yin jam'i ba tare da wata wahala ba: *a town*, *towns*, *an emir*, *emirs*. Sunan yanka a bisa al'ada ba ya karɓa. Ba a cewa *a Kaduna* ko *two Kadunas*. Wannan gwaji ne mai sauri idan tambayoyin mataki na 3 sun bar ka da shakka.

Yana da iyaka ta fuska biyu. Gama-garin da ba a ƙirgawa, irin su *water*, *sand*, *advice*, *information*, su ma ba sa karɓar *a*, kuma hakan bai mai da su na yanka ba. Ta ɗaya fuskar, ana iya cewa *There are three Musas in my class*, kuma *Musa* yana nan a sunan yanka da babban baƙinsa.

*The* ita ce mai ɗan rikici, domin wasu malamai kan ce sunan yanka ba ya ɗaukar ta sam. Yana ɗauka, amma a wurare sanannu da gara ka haddace su. Koguna, tekuna da hamada suna ɗauka: *the Nile*, *the Atlantic*, *the Red Sea*, *the Sahara*. Ƙasashen da sunansu jam'i ne ko yake ɗauke da kalma irin *kingdom* ko *states* suna ɗauka: *the Netherlands*, *the Philippines*, *the United Kingdom*, *the United States*, sai kuma *The Gambia* wadda ta riƙe tata. Tafkuna da duwatsu guda-guda ba sa ɗauka: *Lake Chad*, *Mount Kilimanjaro*, *Zuma Rock*. A jami'o'i, wadda ke da *of* tana ɗauka, *the University of Jos*, wadda ta fara da sunan mutum ba ta ɗauka, *Ahmadu Bello University*.

Kalmar *Niger* kaɗai ta isa darasi. Ƙasar da Yamai ke babban birninta *Niger* ce, babu *the*. Jihar da Minna ke babban birninta *Niger State* ce. Kogin Kwara kuwa *the River Niger* ne, ko a taƙaice *the Niger*. Ukun duka sunayen yanka ne. Ka kuma lura da harafi ɗaya tak da ya raba *Nigerian*, ɗan Najeriya, da *Nigerien*, ɗan Nijar.

6. Haddace gidajen da sunan yanka ke zama

Sunayen mutane da na garuruwa ba sa ba kowa wahala, ba sai na tsaya a kansu ba. Ga waɗanda ake tuntuɓe.

Ranaku, watanni da bukukuwa duk na yanka ne: *Monday*, *Friday*, *January*, *Ramadan*, *Sallah*, *Christmas*, *Easter*, *Independence Day*. Wanda ya saba rubuta Litinin da Juma'a da babban baƙi a Hausar boko ba zai sha wuya ba. Amma lokutan shekara gama-gari ne: *summer*, *winter*, *harmattan*, *rainy season*, *dry season*. Kada ka nemi hikimar da ta sa wata ya zama na yanka, damina ta zama gama-gari. Haka Turawan suka tsara, riƙe kawai.

Hattara, musamman ɗaliban Nijar, Chadi da Kamaru da suka fara da Faransanci: a can *lundi*, *janvier* da *anglais* da ƙaramin baƙi ake rubuta su. Hannu ya riga ya saba, sai ya kwaso al'adar ya shigo da ita Turanci, a ga *monday*, *january*, *english*. A Turanci ukun duka babba ne. Wanda kuma ya fi sabawa da Larabci ko ajami, inda babu babban baƙi da ƙarami kwata-kwata, sai ya ƙara sa ido, domin idonsa bai saba ganin rashinsa a matsayin kuskure ba.

Harsuna, ƙabilu, addinai, mabiyansu da littattafansu na yanka ne: *Hausa*, *Fulfulde*, *Arabic*, *Kanuri*, *Islam*, *Christianity*, *a Muslim*, *the Qur'an*, *the Bible*. Amma *mosque*, *church*, *prayer*, *imam*, *pastor* gama-gari ne, sai dai idan sun shiga cikin sunan wani wuri ko mutum, kamar *the National Mosque* da ke Abuja.

Darussan makaranta gama-gari ne, ban da waɗanda sunan harshe ne. Daidai shi ne *I like biology, economics and English*. Na san a jadawalin makaranta da takardar sakamako duk da babban baƙi ake rubuta su, amma can matsayin kanu suke. A cikin jimlar insha'i, *mathematics* ƙarama ce.

Hukumomi, kamfanoni, jam'iyyu da taƙaitattun sunayensu na yanka ne: *INEC*, *NAFDAC*, *ECOWAS*, *JAMB*.

Sai sunayen kaya, kuma a nan kasuwa ta ɓata mu. A wurinmu duk garin sabulun wanki omo ne, duk dunƙulen ɗanɗano magi ne, duk taliyar yara indomi ce, ko wane kamfani ya yi su. A Hausa wannan ya zauna, babu laifi. A rubutun Turanci kuwa *Omo*, *Maggi* da *Indomie* sunayen da kamfanoni suka raɗa wa kayansu ne, saboda haka na yanka ne. Idan irin abin kake nufi ba na wani kamfani ba, gama-garinsa za ka nema: *detergent*, *seasoning cube*, *noodles*.

7. Kalmomi masu sauya riga

A nan gizo ke saƙar, kuma daga nan masu tsara tambayoyi suka fi ɗebo tarkonsu. Akwai kalmomin da babu mai iya ce maka ga irinsu sai ya gan su a cikin jimla.

Fara da dangi. *Mother*, *father*, *uncle*, *aunt* asalinsu gama-gari ne. Suna zama na yanka idan an yi amfani da su a madadin sunan mutum, ko an manna su da sunansa. Kwatanta waɗannan:

*My mother is cooking.*
*Is the food ready, Mother?*
*I have an uncle in Maradi.*
*We visited Uncle Sani.*

Gwajin mai sauƙi ne. Idan akwai *my*, *your*, *his*, *her*, *our*, *a* ko *an* a gaban kalmar, kuma babu sunan mutum a bayanta, ƙarama ce. Wani gwajin: cire kalmar ka sa sunan mutum a gurbinta. *Is the food ready, Amina?* ya yi daidai, ke nan *Mother* a nan suna ne na kira. *My Amina is cooking* bai zauna ba, ke nan *mother* gama-gari ce.

Muƙamai ma haka suke. *A governor*, *many doctors*, *the emirs met yesterday* duk gama-gari ne. Da zarar muƙamin ya jingina da suna ko ya zama cikakken laƙabin kujera guda, ya koma na yanka: *President Shehu Shagari*, *Dr Bala*, *the Sultan of Sokoto*, *the Emir of Zazzau*. Inda ake saɓani shi ne idan an ce *the president* kawai alhali kowa ya san wanda ake nufi. Wasu jaridu babba suke sawa, wasu ƙarama. Ba za a kama ka da laifi don ka bi ɗaya ba, amma za a kama ka idan ka sa babba a sakin layi na farko, ƙarama a na uku. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Kalmomin wurare irin su *state*, *street*, *road*, *market*, *school*, *hospital*, *bank*, *university* gama-gari ne idan suna tsaye su kaɗai, amma suna ɗaukar babban baƙi idan suna cikin suna: *Jigawa State* amma *our state is peaceful*, *Kurmi Market* amma *she went to the market*, *Aminu Kano Teaching Hospital* amma *the hospital was full*.

Kusurwoyi: idan hanya kake nunawa, ƙarami. *Drive north for two hours.* Idan sashe ne na sunan wuri, babba: *South Africa*, *North America*, *West Africa*, *the Middle East*.

*God* da babban baƙi shi ne Allah Maɗaukaki, kuma *Allah* kullum babba ne. *gods* da ƙarami gumaka ne da abubuwan bautar wasu al'ummu. *Prophet Muhammad* babba, amma *Allah sent many prophets* ƙarami. *Earth* idan duniyar ake nufi a jerin su *Mars* da *Venus* ana sa mata babba, idan ƙasar da ake takawa ko ake haƙa ce, ƙarami.

Akwai kuma tagwayen da rubutunsu ɗaya, ma'ana daban. *March* watan Maris, *march* maci. *May* watan Mayu, *may* ta yiwuwa ko neman izini, wadda ba suna ba ce ma. *Turkey* Turkiyya, *turkey* talotalo. *China* ƙasar Sin, *china* tangaran. Sannan sunayen mutane da aka ɗauko daga kalmomin yau da kullum, waɗanda suka yi yawa a Najeriya da Gana: *Grace*, *Faith*, *Patience*, *Blessing*, *Sunday*. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu masu Laraba da Asabe da Ɗanjuma. Idan mutum ake kira, na yanka ne, ko da kalmar tana da wata ma'ana a ƙamus.

Hattara: kada ka haddace cewa kalma kaza kullum iri kaza ce. Duk wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da “*uncle* gama-gari ne” a kansa, *Uncle Sani* zai kayar da shi.

8. Sunan da ya haɗa kalmomi da yawa

*Central Bank of Nigeria* suna ɗaya ne, ba huɗu ba. Idan an ce ka ja layi ƙarƙashin sunan yanka, ja shi tun daga *Central* har *Nigeria*, kada ka tsinci *Nigeria* ka bar sauran, kada kuma ka ware *bank* ka ce gama-gari ne. Wajen rubutawa, manyan kalmomin ne ke ɗaukar babban baƙi, ƙananan masu haɗa su irin *of*, *and*, *for*, *the* suna zama ƙanana: *Federal Republic of Nigeria*, *Ministry of Health*, *Yankari Game Reserve*.

9. Bi rubutunka kafin ka miƙa

Ware minti biyar na ƙarshe don wannan kaɗai. Kada ka karanta don ma'ana, domin ido zai zame ya wuce kurakuran. Bi sau biyu. A zagaye na farko nemi duk babban baƙin da ke tsakiyar jimla, ka tambaye shi dalilin zuwansa. In ba shi da hujja, rage shi. A na biyu nemi ranaku, watanni, harsuna, garuruwa da sunayen mutane, ka tabbatar kowanne ya samu nasa.

Idan wasiƙa ce, adireshi da kwanan wata su ne wurin da aka fi zubar da maki, domin kusan kowace kalma a can ta yanka ce: sunan titi, unguwa, gari, jiha, wata.

Hattara da rubutun hannu. Haruffan c, k, o, p, s, u, v, w, x da z siffarsu kusan ɗaya ce babba da ƙarami, tsawo ne kawai ya raba su. Idan *S* ɗin *Sokoto* bai fi sauran haruffan tsawo a fili ba, mai duba takarda ƙarami zai ɗauke shi. Wasu kuma sukan rubuta komai da manyan baƙaƙe don su tsere wa matsalar. Ba tsira ba ce, domin an rasa yadda za a gane ko sun san ƙa'idar. Wanda ya saba da waya kuma ya tuna cewa ita ke gyara masa *friday* ta koma *Friday* ba tare da ya lura ba. Takardar jarrabawa ba ta yin wannan, saboda haka atisayen da biro za a yi shi.

10. Atisaye

Na cire duk manyan baƙaƙen da ke cikin wannan sakin layi da gangan. Kwafe shi a littafinka, ja wa gama-gari layi da shuɗi, zagaye na yanka da ja, sannan ka sake rubuta shi daidai. Rufe amsar da hannu sai ka gama.

*last friday my uncle took us to kurmi market in kano. we bought dates, a bag of rice and a packet of indomie. in the car, uncle sani said the rains may start before the end of may. he teaches mathematics and french at a school near bayero university. his neighbour, patience, is a nurse. she says a nurse needs patience more than medicine.*

Sunayen yanka tara ne: *Friday*, *Kurmi Market*, *Kano*, *Indomie*, *Uncle Sani*, *May*, *French*, *Bayero University*, *Patience*.

Gama-gari su ne: *uncle* na jimlar farko, *dates*, *bag*, *rice*, *packet*, *car*, *rains*, *end*, *mathematics*, *school*, *neighbour*, *nurse* sau biyu, *patience* na jimlar ƙarshe, da *medicine*.

*Last*, *We*, *In*, *He*, *His* da *She* za su samu babban baƙi saboda su suka buɗe jimla, amma babu suna ko ɗaya a cikinsu. Idan ka zagaye *may* ta farko, koma mataki na 2, domin aikatau take taimakawa. Idan ka sa wa *mathematics* babba ko ka bar *french* da ƙarami, mataki na 6 ne bai zauna ba. Idan kuwa *uncle* biyun nan ko *patience* biyun nan iri ɗaya ka ba su, sake karanta mataki na 7, sannan ka ɗauki sakin layi ɗaya daga jaridarka, ka sa wani ya kwafe maka shi da ƙananan baƙaƙe zalla, ka gyara, ka gwada da na jaridar.